Yaushe Suka Ci Abinci?

Ɗana, daren jiya a Mabera da aka ɗauke wuta muka fito da tabarma ƙofar gida, ka yi mini tambaya, barci ya hana ni ba ka amsar kirki. Ka hango littafin da ke bakin jakata, mai hoton ƙarti huɗu da suka shafa baƙi a fuska, sai ka ce, "Kawu, mi yas sa ku mutanen Zango kuke son littattahan soja haka, har da manya?" To ga amsar a rubuce, kafin in kama hanyar Zangonmu, unguwar Hausawa a Kumasi ta ƙasar Gana.

Mu ba kowa ke shiga ɗaki da littafinsa ba. A kasuwar Kejetia ake sayo na gwanjo, waɗanda Turawan Ingila da Amurka suka gama da su. Idan littafin mai kauri ne sai a yage shi gida uku ya zaga unguwa. Da dare a majalisa, wadda yaranmu ke kira bes, ana dafa ataya, mai Turancin cikinmu yana karantawa yana juya wa sauran da Hausa. Hausarmu ce dai ta "mace ya zo", wadda ta sa ka dariya har da riƙe ciki. Na yafe maka. Saboda haka ra'ayi a kan littafi a wurinmu na taro ne, kuma a taron nan da wuya a rasa wanda ya taɓa sa kaki.

A majalisarmu ta Aboabo akwai wani tsohon kofur, tela ne yanzu, yana cikin sojojin Gana da aka kai Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Wani dare yaro na ta zuba labari: zaratan sojoji shida sun diro daga jirgi da laima, sun kwana uku a daji, sun kutsa sansanin abokan gaba, harbi ba ƙaƙƙautawa. Samari sun yi tsit, shayi har ya huce. Kofur ya zare allura daga bakinsa ya ce, "Yaushe suka ci abinci?" Yaro ya juya shafi gaba da baya, ya ce ba a faɗa ba. "To harsashin fa, wa ya ɗauko musu? Gidan harsashi ɗaya talatin yake ci. Tun ɗazu nake ƙirgawa, wannan dogon ya harba ya fi ɗari biyu bai tsuguna ya sauya ba." Daga ranar littafin nan ya mutu a unguwa. Amma akwai wani littafin da ya sa aka maimaita masa sau biyu, don kawai marubucin ya tsaya ya faɗi yadda ƙafa ke ruɓewa a cikin jiƙaƙƙen takalmi, da yadda wani jarumi ya saki fitsari a wando a harbin farko, 'yan'uwansa suka kau da kai ba wanda ya tanka. Kofur ya ce wannan marubucin ko dai ya je, ko ya zauna da wanda ya je.

Ka ce to ina ruwanmu da soja haka? Ɗana, ba goro kaɗai ya kai Hausa ƙasar Gana ba. Kakanmu dai fatauci ya fitar da shi daga Wurno, amma maƙwabtanmu da yawa jikokin bariki ne. Tun 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Legas ya yi runduna da su, ya kuma kai su yaƙin Asante na 1874, shekarar da Turawa suka ƙone Kumasi. A 1900, da Yaa Asantewaa, jagorar mayaƙan Asante, ta tsare gwamna a ganuwar Kumasi, sojojin Hausa ne a ciki tare da shi. Ganuwar na nan, ta zama gidan tarihin soja. Hausa ta daɗe tana harshen bariki a can. Ba abin tinƙaho ba ne gaba ɗaya, kuma na san yadda maganar ke sauka a kunnen Basakkwace, tunda irin wannan kakin ne ya tsaya a Giginya ranar 15 ga Maris 1903 ya buɗe wa mutanen Sarkin Musulmi Attahiru wuta, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin ba Turawa ba ne. Ku kun gaji labarin daga gefen waɗanda aka harba. Mu a cikinmu akwai jikokin kowane gefe, sahu ɗaya muke yi a masallaci.

Sai ƙasar Bama, a Yaƙin Duniya na Biyu. Yayan mahaifina ya je da Runduna ta 81, wadda ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944, kuma ɗan dako ne. Inda mota ba ta shiga, su ke ɗaukar harsashi da abinci da magani a ka, su hau dutse su gangara. Har ya rasu ba ya iya juya wuyansa sosai. Shi ya sa tambayar kofur ba ta ba kowa mamaki ba. Mu idan an ce mutum shida sun yi abin al'ajabi, hankalinmu na tafiya wurin sittin ɗin da ba a ambata ba. Kuma kada ka ɗauka rundunar musamman ta Turawa ce kaɗai: dakarun Janar Wingate da ake saukewa da jirgi a bayan Japanawa, waɗanda ake kira Chindit, akwai bataliya uku na sojojin Najeriya a cikinsu a 1944. Daga nan Barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa. Ban taɓa cin karo da su a cikin waɗannan littattafan gwanjon ba.

Ba duka muke baki ɗaya ba. Samari sunayen bindigogi da tabaran ganin dare suke so, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma na yi. Yayata kuwa, wadda mijinta ya yi zuwa biyu Labanan aikin kiyaye zaman lafiya, sau ɗaya ta saurara ta ce a rufe. Wai duk littafin babu macen da ke ƙirga kwanaki tana lallashin mai kanti ya ƙara mata bashin shinkafa. Dattawa su kuma ƙarshen littafi suke jira. Idan ya ƙare da jirgi ya ɗauke jarumai ana tafawa, sai su ce saura rabi. Suna tuna 28 ga Fabrairu 1948, ranar da tsoffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka nufi fadar gwamna a Ankara, babban birnin Gana, da takardar koke kan haƙƙinsu, wani ɗan sanda Bature ya harbe uku, cikinsu har da Saja Adjetey.

Maganarka ta ƙarshe ce ta hana ni barcin asuba. Ka kawo batun Ba'amurken da aka sace a Masalata kusa da Birnin Ƙonni a Oktoban 2020, zaratan sojojin ƙasarsa suka diro cikin dare a wannan gefen iyaka suka ƙwato shi cikin 'yan kwanaki, alhali mutanen Isa da Sabon Birni na sayar da gona su biya fansa. Ka ce shi ya sa littattafan ke ƙona maka rai, kuma shi ya sa ba ka iya ajiye su. A nan ba ni da abin koya maka, kai ke kwana kusa da abin, ni baƙo ne.

Littafin na bar maka shi a ƙarƙashin filo. Shafi ashirin na tsakiya sun ɓace a hannun wani mai waakye, wato shinkafa da wakenmu, sai ka cike da kanka. Idan ka gama ka rubuto mini ra'ayinka in karanta a majalisa, kuma ka lura ko sun ci abinci, don kofur zai tambaya.