An ja mini fayiba a Unguwar Rimi, amma jar fitila ta hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a gidan haya mai bene a Unguwar Rimi, Kaduna. Da rauta mai layin waya nake amfani, amma data na ƙarewa tun wata bai raba ba, shi ya sa na biya wani kamfani ya ja mini intanet na wayar fayiba. Sai da na yi makonni ina bibiya kafin su zo. Tun da suka haɗa, wata jar fitila da aka rubuta LOS a ƙarƙashinta take ta kamawa tana ɗaukewa, musamman in an yi iska ko ruwa. Ko tana aiki ma a falo kawai ake morarta, ɗakunan sama ba sa samu. Kyamarorin tsaron gidan kuma sun daina nuna mini hoto a waya in na fita. Kuɗin tsohon layina zai ƙare ƙarshen wata. In yanke shi ne? Ko in nemi wani kamfanin fayiba daban?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yanke tsohon layin tukuna, kada kuma ki kai wa wani kamfani kuɗi. Ki saka wa tsohon ƙaramar data ta wata guda ya zama madogara. Matsaloli uku ne suka haɗu miki, kuma jar fitilar ce kaɗai take wuyan kamfanin kai tsaye. Sauran biyun, ko kamfani goma kika sauya za su biyo ki in ba a gyara su a cikin gida ba.

Mu fara da jar fitilar, don ita ce babba. Wayar fayiba ba lantarki take ɗauka ba. A cikinta akwai zaren gilashi mai kaurin maikiron 125, kusan kaurin gashin kai, kuma haske ne ke bi ta tsakiyarsa. Hasken yana tasowa daga na'urar kamfani, ya bi babbar waya zuwa unguwa, a raba shi a akwatin da ke maƙale jikin falwaya, sannan siririyar baƙar waya ta kawo shi ƙaramin akwatin da aka kafa miki a falo, wanda ake kira ONT. Idan LOS ta yi ja, akwatin na gaya miki ne cewa haske bai iso ba, ko ya iso da rauni har ba a iya karanta shi. Ba data ce ta ƙare ba, ba kuma cunkoso ba ne. Kashewa da kunnawa ba ya maganinta.

Ana auna hasken nan, kuma nan ne masu gida da yawa ke cutuwa, domin ba su san akwai lambar da za su nema ba. Ma'aunin shi ne dBm, kullum da alamar ragi a gabansa. A tsarin GPON, wanda shi ne aka fi ja wa gidaje, akwatin yana aiki ne tsakanin -8 da -27. Kamar yadda lissafin ragi yake, -19 ya fi -25 ƙarfi, kuma duk ragin 3 yana nufin rabin hasken ya tafi. Aiki mai kyau yakan sauka tsakanin -15 da -23. Wanda aka bar shi a -26 ko -27 yana bakin gaɓa ne: da rana lafiya lau, da iska ta kaɗa wayar ko laima ta shiga wani haɗi sai ya faɗa. Abin da kika kwatanta, na kamawa da ɗaukewa, ya fi kama da wannan. Da wayar ta tsinke ne gaba ɗaya, fitilar ba za ta huta ba ko na minti ɗaya.

Kina iya ganin lambar da kanki. Ki juya akwatin, a bayansa akwai takarda mai adireshi, sau da yawa 192.168.100.1 ko 192.168.1.1, da sunan shiga da kalmar sirri. Ki buɗe adireshin a wayarki alhali kina kan waifai ɗin gidan, ki nemi shafin da ke nuna Rx Optical Power. Ki ɗauki hotonsa da safe, da yamma, da lokacin da hadari ya taso. Idan kamfanin ya kulle shafin, to injiniyan da zai zo ya auna da mitar haske a gabanki. Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki tura tsinke a ramin da aka rubuta Reset. Yana goge saitin da kamfani ya saka, sai ki wayi gari LOS ta mutu amma babu intanet, kin ƙara wa kanki matsala ta huɗu.

Ina hasken yake zubewa? Kafin ki kira kowa, ki bi wayar da ido daga akwati har inda ta fita gida. Gilashi ba ya son lanƙwasa mai kaifi. Duk inda aka karya wayar a kusurwar bango, ko ƙyauren taga ya matse ta, ko aka buga mata ƙusa ta danne, ko aka naɗe ragowarta ƙanƙan aka cusa bayan kujera, haske na fita a wurin ba tare da an ga alamar komai a waje ba. Ragowar waya a naɗe ta da faɗi, kamar faɗin faifai, a rataye. Sai ki duba kan wayar da ke shiga akwatin. Kai iri biyu ne, kore da shuɗi. Koren an goge bakinsa a karkace da digiri 8, shuɗin kusan a miƙe yake. Kore sai ramin kore, shuɗi sai ramin shuɗi. In an cusa wani a ramin wani zai shiga, amma bakunan ba za su haɗu daidai ba, haske ya ragu sosai, wani lokaci har gilashin ya karce. Masu gaggawar gama aiki suna yin wannan kuskuren fiye da yadda ake zato. Kada ki riƙa zare kan kina mayarwa, domin ƙurar hunturu guda ɗaya ta isa ta toshe hanyar da faɗinta bai wuce maikiron 9 ba. Kuma kada ke ko yara ku leƙa bakin wayar da ido: hasken ba ya ganuwa, amma yana iya cutar da ido.

Idan cikin gida babu aibu, saura waje, wannan kuwa aikinsu ne. Wurin da aka fi samun ɓarna shi ne haɗi. Haɗi iri biyu ake yi. Akwai na inji, wanda ke narkar da bakin gilasan biyu ya manne su, asararsa ba ta cika wuce 0.1 dB ba (dB shi ne ma'aunin hasken da ya zube). Akwai kuma na hannu, kan da ake ɗaurawa nan take, wanda ko an yi shi da kyau yakan ci 0.3 zuwa 0.5, in kuwa an yanka gilashin a karkace sai ya ci ninkin haka, kuma shi ne zafi da laima suke saurin sassautawa. Ki ce a yi miki na inji a duka bakunan biyu. Sai akwatin kan falwaya: in murfinsa bai rufu ba, ko an bar ramin shigar waya babu roba, ruwan sama da ƙura da kiyashi duk suna shiga. Sai kuma yadda aka rataya wayar. Wadda aka ɗaure da guntun waya a jikin falwaya, ba da maƙalarta ta musamman ba, iskar farkon damina ta watan Afrilu da Mayu za ta yi ta fizgarta. Wadda ta ƙetare titi ƙasa-ƙasa kuwa, ranar da tifa ko motar kaya ta bi layin, shi ke nan. Reshen mangwaro ko darbejiya da ke gogarta shi ma a sare shi ko a kauce masa.

Ga abin da za ki nema in sun zo. A auna haske a akwatin falwaya, sannan a auna a falonki. Tazarar gida da falwaya 'yan mitoci ne, bambancin bai kamata ya wuce 1 dB ba, ko ɗan sama da haka kaɗan. In a falwaya -20 ne, a falo -26, laifin yana kan wayar gidanki, a sake haɗi ko a sake jan sabuwa. Suna da wata jar tocila da ake haskawa cikin wayar, inda ta karye ko ta lanƙwashe sai a ga ja yana fitowa. In kuwa tun daga falwaya hasken ya zo da rauni, to an yi wa layin unguwar rabo da yawa ne, ko babbar wayar ta sha tsinkewa da ɗinki. Kowace marabar haske mai baki 8 tana cin kusan 10 dB, in aka jera su barkatai na ƙarshe ne ke shan wahala. A nan sake wayar gidanki ɓata lokaci ne, kuma maƙwabtanki da ke kan akwati ɗaya za su shaida miki su ma suna gani. Ku haɗu ku kai ƙorafi tare, ya fi saurin jawo hankali.

Tsinkewar babbar waya ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tun da aka ƙaddamar da aikin sabunta birnin Kaduna a 2019 ake faɗaɗa tituna da haƙa magudanai, kuma katafila ba ta san fayiba ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma mai haƙa kwalbati a ƙofar gida ba lallai ya san me ke ƙarƙashin digarsa ba. Game da jinkirin da aka yi miki kuwa: a 2020 gwamnatin jihar ta sanar da yafe kuɗin izinin shimfiɗa fayiba, a lokacin da ake ta jan hankalin jihohi su tsaya a kan naira 145 kowace mita. Yafe kuɗi ba ya nufin a fasa kwalta babu izini, don haka in sai an ƙetare titi jira na iya zama gaskiya. Sai dai sau da yawa dalilin ya fi haka sauƙi: an karɓi kuɗi kafin a duba ko akwai sauran baki a akwatin da ke kusa.

Ƙorafi a yi shi a rubuce, a karɓi lambarsa. Ki riƙa rubuta rana da awan da sabis ya ɗauke, ki haɗa da hotunan ma'aunin haske, ki nemi a mayar miki da kwanakin da kika biya ba ki mora ba. In sun yi biris, ki kira 622, layin kyauta na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Abin da za su fara tambayarki shi ne lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ki, shi ya sa na ce kada ki yarda da "za mu turo yaro" ta baki kawai.

Batun ɗakunan sama ba na fayiba ba ne. An kafa akwatin inda ya fi wa mai aiki sauƙin huda bango, kuma da ƙyar waifai yake ratsa simintin mai rodi da ya raba ƙasa da saman bene. Rauta kan watsa waifai a zango biyu: na 5 GHz ya fi gudu amma bango biyu na bulo sun isa su kashe shi; na 2.4 ya fi nisa amma ya fi cunkoso. Magani mai ɗorewa shi ne a ja kebul ɗin intanet da ake kira Cat6 daga akwatin zuwa sama, yana kaiwa mita 100 ba tare da raguwa ba, a saka rauta ta biyu a can. Ƙananan na'urorin ƙara zango da ake cusawa a soket suna maimaita raunin da suka tarar ne, har su rage gudun. Don ki san gaskiyar abin da kamfani ke ba ki, ki gwada gudun da kwamfuta a jone da kebul, da misalin ƙarfe 9 na dare lokacin da kowa ke kai. Ki kuma tuna megabit suke sayarwa: 40 Mbps na nufin saukar da kusan megabayit 5 a daƙiƙa, ana rabawa 8.

Kyamarori kuwa, in na waifai ne, tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri suke nema. Ki sa wa sabon waifai suna da kalmar sirri irin na tsohon, harafi da harafi, su da talabijin duk za su hau da kansu, muddin zangon 2.4 a kunne yake, domin yawancinsu shi kaɗai suke ji. Sai dai ki sauya wa tsohuwar rautar suna don kada su rikice. In na'urar naɗar hoton da kebul take, mai yiwuwa an kafe mata adireshin tsohuwar rauta ne, mai haɗa kyamara zai gyara cikin mintuna. In duk an yi haka ba ta nuna ba a waje, ki tambayi kamfanin ko gidaje da yawa ne ke raba adireshin intanet ɗaya. In haka ne, ko a koma kallo ta manhajar masu kyamarar, ko ki biya adireshinki na kanki.

Kada a manta da wuta. Akwatin falon yawanci bolt 12 yake ci, wat 10 ko ƙasa da haka. Ƙaramin batirin rauta mai ƙarfin 10,000 mAh zai riƙe shi awa 3 zuwa 4 in an ɗauke wuta. Tsawa ba ta bin gilashi, amma tana bin wayar lantarki, don haka a jona shi ta soket mai kariya.

In an yi gyaran nan, haske ya zauna a -23 ko abin da ya fi, aka yi mako biyu har da ruwan sama biyu ko uku jar fitila ba ta dawo ba, sai ki daina biyan tsohon layin, amma ki riƙe rautar da layinta a raye saboda ranar da katafila ta bi ta unguwa. In kuwa tun daga falwaya hasken ba shi da ƙarfi kuma sun ƙi gyarawa, sauyawa ta halatta. Ki sani akwatin ONT ɗin ba zai yi aiki da wani kamfani ba, an yi masa rajista da lambarsa a na'urarsu, kuma wasu na karɓe kayansu in an rabu, ki duba takardar da kika sa wa hannu. Sabon kamfanin su zo su duba wuri kafin ki biya ko sisi, su nuna miki akwatin da za su ja daga ciki da bakin da ya rage. Ki tambayi maƙwabta biyu da ke kansu kwana nawa suke ɗauka kafin su gyara in waya ta tsinke. Ki tambayi ko "mara iyaka" ɗin nasu yana da adadin da in an kai ake rage gudu. Ki nemi izinin mai gidan kafin a sake huda masa bango, a huda ramin yana gangarowa waje don kada ruwa ya biyo waya, a toshe shi, wayar ta bi cikin fayif inda ɓera ko rana za su same ta. Takardar kammala aiki kuma kada ki sa mata hannu sai an rubuta lambar hasken a jikinta.