Tambayoyinku: Wayoyin nan da suke ta sirancewa, me aka cire musu?

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, ina so in canza waya, yarona ya dage sai in sayi irin siraran nan, iPhone Air ko Galaxy S25 Edge. Sirantar nan tana da wani amfani ne ko ado ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amfani kam akwai, ba ta da nauyi a aljihu kuma hannu baya gajiya in ka daɗe kana riƙe da ita. Amma fa daga nan kusan shikenan. iPhone ta farko a 2007 kaurinta milimita 11.6 ne, iPhone Air da ta fito a watan Satumba 2025 milimita 5.6, S25 Edge kuma 5.8. Toh abin da ya fi cin wuri a cikin waya batir ne, don haka in aka matse jiki shi ake fara ragewa. Batirin S25 Edge 3900mAh ne (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), alhali wayoyin Tecno da Infinix masu araha da yawa 5000 suke zuwa da shi. Wanda ke zaune inda wuta bata ɗaukewa, akwai soket a ofis akwai a mota, wannan ba zai dame shi ba, amma kai da zaka wuni a shago ana ta kira, ga transfa ga WhatsApp na kwastomomi ga NEPA sai a hankali, kafin la'asar zaka fara neman mai caji ko ka ɗauko fawa bank. Waya siririya haɗe da fawa bank a aljihu ai ta fi mai kaurin nauyi, balle in ka sa mata riga saboda tsoron faɗuwa.

Kuma ba yau aka fara tseren nan ba. A 2014 mutane sun yi ta ƙorafin iPhone 6 Plus na lanƙwashewa a aljihun wando. A 2016 Galaxy Note 7 ta riƙa kama wuta har aka hana shiga jirgin sama da ita, da Samsung suka yi bincike ɗaya daga dalilan da suka faɗa shi ne matsi ya yi wa batirin yawa a cikin gidansa. Na yanzu sun fi ƙarfi gaskiya, jikinsu na titaniyom ne, ban ce zasu lanƙwashe ba. In sirantar ce ta burge yaron a duba irinsu Tecno Spark Slim, bata kai milimita 6 ba amma batirinta ya wuce 5000.

Tambaya: Malam ni malamar makaranta ce, batirin wayata ya kumbura har bayanta ya ɗaga. Mai gyara yace sai ya gasa ta kafin ya buɗe kuma in gilashin ya fashe ba ruwansa. A da ai da farce muke cire batir, me ya kawo wannan wahala?

Amsa: Malama da farko ki daina sa ta a caji yau ɗin nan, kar ki danna kumburin, kar ki kwana da ita ƙarƙashin filo. Mai gyaran bai miki ƙarya ba. Murfin da ake cirewa da hannu yana buƙatar wuri, shi batirin ma sai an masa ɓawo mai tauri, so da kamfanoni suka so rage kauri sai suka manne komai da gam, Samsung ma a 2015 da S6 ta bi sahu, ta cire har gurbin memori. Yanzu sai an hura wa bayan waya iska mai zafi gam ɗin ya yi laushi, a zura wani ɗan siririn roba a bi gefe gefe a hankali, hannu ya ɗan karkace gilashi ya tsage.

Nan ne ni nake ganin an cuci talaka. Zamanin Nokia batir ya mutu ka sayi wani ka sa da kanka, wasu ma biyu suke yawo da su. Yanzu aikin da bai kai minti ɗaya ba ya koma na ƙwararre, yaran da ke gyara a kasuwar waya ta Farm Center a Kano dole su sayi kayan aiki masu tsada kuma in abu ya fashe da su ake rigima. Yawancinmu kuma ta hannu muke saya, wato batirin ya riga ya sha aiki kafin ya iso gare mu. Da yawa in suka ji kuɗin gyara sai su jefar da waya lafiyayya saboda batir kawai, ta ƙare a bola. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da zata fara aiki a 2027 kan a riƙa yin kayan da mai su zai iya canza batir, duk da an bar wa kamfanoni wasu ƙofofi. Kafin nan ki nemi mai gyaran da ya saba buɗe irin wayarki, ku yi magana kan gilashin tun kafin ya taɓa, ki kwashe hotunanki da lambobi tukunna.

Tambaya: Oga wai da gaske iPhone Air bata da wurin saka sim?

Amsa: Da gaske ne ɗan'uwa, eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da katin sim ba, shi kawai take ɗauka a ko'ina aka sayar da ita. MTN da Airtel suna yi a Najeriya amma sai ka je ofishinsu a mayar maka da layinka, kuma ka manta da zancen zare sim ka sa a wayar maƙwabci in cajinka ya ƙare. In kana yawan tsallakawa Maraɗi ko wani gari kana sayen layi a bakin hanya, ka fara tambaya ko kamfanin can yana bada eSIM kafin ka biya kuɗin wayar.