Tambayoyinku: Tafiya da Kyanwa a Tirelar Kwana Cikin Tsaunuka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana mun sayi irin tirelar nan mai gado da wurin girki, wadda ake ɗaura wa mota a baya, kuma muna shirin zagayawa cikin tsaunuka na tsawon mako biyu. Muna da kyanwa wadda ba ta taɓa yin doguwar tafiya ba, ba mu kuma da wanda za mu bar wa ita. Maigidan yana ganin a sake ta cikin tirelar yayin tafiya tunda akwai fili, ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba. Wanne ya fi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina roƙon ki da ki lallashi maigida ya janye wannan shawara, domin muddin tayoyi suna juyawa, wurin kyanwa yana cikin motar da kuke zaune, a cikin keji mai ƙarfi wanda aka ɗaure da bel a kujerar baya. Tirelar da ake ja tana jijjiga fiye da yadda na cikin mota yake zato, kayan da ke cikinta suna iya zamewa su faɗo, zafi yana taruwa, kuma babu wanda zai ji kukanta balle ya kai mata ɗauki. A hanyar dutse abin ya fi muni, saboda titin ba ya miƙewa. Mashigar Stelvio a Italiya, wadda ta kai tsayin mita 2,757, tana da kwanoni 48 masu tsanani a ɓangarenta na arewa kaɗai, kuma ko da ba irin wannan hanya za ku bi ba (ban ma ba mai jan tirela shawarar bin ta ba), kowace kwana da kowane taka birki zai riƙa buga dabbar da bango.

Aikin da ya fi muhimmanci kuwa tun a gida ake yin sa. Kyanwa da wuri take sabawa, kuma da hanci take gane inda yake nata, don haka ki ajiye kejin a buɗe makonni kafin tashi, da bargon da take kwana a kai a ciki, ki riƙa ba ta abinci a bakinsa har ta fara shiga da kanta. Bayan haka ki riƙa kai ta cikin tirelar lokacin da tirelar take tsaye, ki rufe ƙofa, ki zauna tare da ita. Da farko za ta laɓe a ƙarƙashin gado, kada ki jawo ta. Ranar da kika ga tana goga kumatunta a ƙafar tebur da gefen kujera, to tana sa wa wurin warinta ne, ta fara ɗaukarsa gida. Daga nan sai ku fara gajerun fita da mota, kuna ƙara nisa a hankali.

Ranar tafiya ki dakatar da abinci 'yan sa'o'i kafin ku tashi, amma kada ki hana ta ruwa. Dalalar da miyau da yawan lasar baki alamun tashin zuciya ne, kuma likitan dabbobi yana da maganin amai da na kwantar da hankali waɗanda suka dace da ita. Kada ki kuskura ki ba ta maganin mutane: farasitamol, ko ƙwaya ɗaya ce, yana iya kashe kyanwa.

Sai batun tsayi, wanda mutane da yawa ba sa sa shi a lissafi. A mita 3,000 sama da teku, iskar oksijin da ake samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kuma akwai titunan da suka zarce haka, kamar Trail Ridge a tsaunukan Rocky na Amurka, wanda ya kai mita 3,713. Lafiyayyar kyanwa takan jure idan an hau a hankali, amma tsohuwa, ko mai ciwon zuciya ko asma, ko mai gajeren hanci irin ta Farisa, dole likita ya duba ta tukuna. Kyanwa ba ta haki kamar kare, saboda haka idan kika ga ta buɗe baki tana numfashi, ku tsaya, ku sanyaya motar, in bai lafa ba ku gangara ku nemi asibitin dabbobi. Haka kuma idan ta kwana biyu ba ta ci komai ba, domin yunwa tana saurin taɓa hantar kyanwa.

Tambaya: Malam, idan mun isa wurin da za mu kwana, zan iya sakin muzuruna ya sha iska? A gida yana fita yawo ya dawo da kansa.
Daga wani mai karatu

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka sake shi. A gida yana dawowa ne domin ya san kowane lungu, amma a baƙon wuri, da zarar wani abu ya firgita shi, zai shige ƙarƙashin dutse ko cikin rami ya yi tsit, kana kiran sunansa yana ji ba zai amsa ba. Ga kuma gaggafa da manyan mujiyoyi da namun daji da suke farauta da magariba. In kana son ya fita, ka saba masa tun a gida da ɗamarar ƙirji mai igiya, ba ta wuya ba, wadda yake iya zare kansa daga ciki. A gandun dajin ƙasa na Amurka ma doka ce igiyar kada ta wuce ƙafa 6, kuma a da yawa daga cikinsu ba a yarda dabbar gida ta bi hanyoyin ƙafa na cikin daji ba. Ka sa likita ya dasa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ka kuma tabbatar lambar wayarka ce a rajistarsa. Mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai da kyanwa yana buƙatar wannan na'ura da allurar rigakafin haukan kare, kuma sai an cika aƙalla kwana 21 bayan allurar farko.

Cikin tirelar ma akwai abin lura. Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk mita 1,000 da aka hau, don haka da dare za ka so kunna abin ɗumama ɗaki mai aiki da gas, kuma bai kamata ka yi haka ba sai da na'urar da ke ƙara idan gubar kabon monoksaid ta taru, domin iskar ba ta da wari. Da rana kuwa rufaffen wuri yana ɗaukar zafi cikin mintuna ko da iskar waje tana da sanyi, saboda haka ka ajiye tirelar a inuwa, ka buɗe tagar sama mai raga. Ka goge duk ɗigon ruwan lagireto mai hana daskarewa, tunda cokalin shayi ɗaya ya isa ya lalata masa ƙoda, kuma kada ka shafa masa maganin kaska na karnuka, domin mai sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa. Tunda namiji ne, ka riƙa duba tasar yashin da yake fitsari da kashi a ciki safe da yamma: in yana yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsari bai fito ba, mafitsara ta toshe ke nan, kuma a ranar ake kai shi wurin likita, ko da hakan zai katse muku tafiyar.