Ga mai son zuwa Montreal karatun haɗa wasannin bidiyo

Ƙanena, ka ce kana son zuwa nan Kanada ka yi difloma a kan tsara wasannin bidiyo, kana tambaya ko ana samun aiki bayan an gama. Ana samu, amma ba ta ƙofar da kake shirin bi ba.

Montreal ta zama cibiyar wannan sana'a ne daga 1997, lokacin da kamfanin Ubisoft na Faransa ya buɗe reshe, saboda gwamnatin Kebek, lardin da Montreal take, tana mayar wa kamfanoni wani kaso na albashin ma'aikatansu. Kuɗi kam akwai a harkar. A Oktoban 2023 Microsoft ya sayi kamfanin wasanni na Activision Blizzard kan kusan dala biliyan 69, amma a Janairun 2024 ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni. Ka ga kenan gurbin da kake hange, wanda ya shekara goma yana aikin shi ma yana layi.

Don haka ka rabu da difloma a kwaleji mai zaman kanta. Yawancinsu ba sa kai mutum ga takardar izinin aiki bayan karatu, sai kuɗi ya tafi a ce ka koma gida. Ka nemi digirin kimiyyar kwamfuta, ka riƙe harshen rubuta manhaja na C++ da lissafi da kyau. Ko kamfanin wasa ya rufe, banki ko wani kamfanin manhaja zai ɗauke ka. Kebek kuma sai ka fara samun takardar CAQ, wato amincewar gwamnatin lardin, kafin izinin karatu, sannan zama na dindindin yana son Faransanci. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sauƙi a nan.

Abin da masu ɗaukar aiki ke dubawa shi ne wasan da ka gama. Wannan tun kana gida za ka fara. Godot, wato manhajar haɗa wasanni, kyauta ne, kuma ba ya wahalar da ƙaramar kwamfuta. Unity, wata manhajar irinsa, yana aiki da harshen C#. Ka haɗa ƙananan wasanni biyu ko uku, ka sa a shafin baje wasanni na itch.io ba ko kwabo. Inda sabbin shiga ke faɗuwa shi ne su ɗauko katafaren wasan da jama'a za su buga tare ta intanet, shekara ta wuce ba abin nunawa. Ka shiga Global Game Jam, taron haɗa wasa da ake yi duk Janairu, awa 48, nan za ka koyi aiki da mai zane da mai sauti.

Steam, dandalin sayar da wasanni, ka bar shi sai daga baya: dala 100 ne kowane wasa, kuma suna cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki.