Amsa ga ɗan'uwanmu na Marwa: gajartar eriya ce ke cinye maka wuta

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kana da rediyon aikawa da karɓar magana mai ƙarfin wat 100 da eriyar sanda ta mita 2.5 wadda ka kafa a tsakar gida, akwatin daidaitawa, wato na'urar da ke tsakanin rediyo da eriya, yana nuna maka komai ya zauna daidai, amma idan ka yi kira a kan zangon mita 40, wato wajen megahaz 7, da ƙyar ake jin ka, har kana tunanin sayen na'urar ƙara ƙarfi. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, domin matsalar tana jikin eriyar.

Ba a cewa eriya doguwa ce ko gajera sai an auna ta da tsawon zangon da ake aiki a kai, wato tsawon igiyar sigina guda ɗaya. Lissafin kuwa shi ne a raba 300 da adadin megahaz, wato ma'aunin saurin kaɗawar sigina, abin da ya fito shi ne tsawon zango da mita. A kan megahaz 7.1 zango yana kai wa kusan mita 42, don haka sandarka ba ta wuce kashi 6 cikin 100 na zangon ba. Wannan sandar dai, idan ka koma da ita megahaz 28, ta zama kusan rubu'in zango, kuma za ta yi aiki yadda ake so. A kan megahaz 145 ma santimita 50 ya wadatar, shi ya sa ƙananan rediyoyin hannu ba sa buƙatar wata doguwar waya.

Ga inda ƙarfin yake salwanta. Kowace eriya tana da abin da ake kira turjiyar watsawa, wato rabon wutar da ke fita iska ta zama sigina, sannan a gefe guda akwai turjiyar asara da ke cikin ƙasa da naɗin waya da mahaɗai, wadda ke mai da wuta zafi kawai. Eriya mai fiffike biyu ta rabin zango, wato waya biyu da aka miƙa hagu da dama kebul ya shiga tsakiyarsu, tana da turjiyar watsawa ta kusan om 73 (om shi ne ma'aunin turjiya), ta tsaye mai rubu'in zango kuma kusan om 36, saboda haka 'yar asarar da ke jikin waya ba ta yi musu komai. Amma da zarar eriya ta gajarta sosai, wannan turjiya tana faɗuwa warwas: idan aka rage rabin tsawo, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Ta sandarka a kan mita 40 ba ta kai om 2 ba. A ce asarar ƙasa da ta naɗin waya ta kai om 15, wanda ba abin mamaki ba ne, to daga cikin wat 100 ɗinka abin da ke fita iska bai kai wat 10 ba, sauran kuwa ƙasar gidanka kake ɗumamawa da shi. Kamar ɗiban ruwa ne da tulu mai huda, kuma ƙara girman tulun ba ya toshe hudar.

Akwatin daidaitawa ba ya gyara wannan. Aikinsa kawai ya sa rediyo ta ga om 50 ɗin da take nema don kada ta rage ƙarfi ko ta lalace, amma bai san ko wutar ta tafi sama ko ta nutse a ƙasa ba. Irin ƙasar da ake kafa eriya a kai a yankinmu kuma tana ƙara dagula lamarin. Na lura a nan Garwa cewa eriyar tsaye wadda take ɗan taɓukawa da damina, idan rani ya yi nisa ƙasa ta bushe ƙayau sai ta ja baya, musamman ga wanda ya dogara da ƙarfe ɗaya da ya kafa a ƙasa. Mai son eriyar tsaye dole ne ya shimfiɗa wayoyi da yawa a gindinta ta kowace fuska, in ba haka ba wahala ce kawai.

Abin da na fi ba ka shawara a kai shi ne ka ɗaura mai fiffike biyu. Ka raba 143 da megahaz 7.1, za ka samu kusan mita 20, wato mita 10 kowane gefe, kuma wayar wuta ta jan ƙarfe da ake sayarwa a kasuwa ta isa. Na san za ka ce gidan ba shi da faɗin mita 20. Ka ɗaga tsakiyarta a kan doguwar gora ko reshen darbejiya, ka sauko da bakunan biyu ƙasa-ƙasa, in ma ta kama ka lanƙwasa mita biyu na ƙarshe su bi katanga. Mafi yawan watsawar daga tsakiya take fitowa inda wuta ta fi gudu, don haka lanƙwasa baki ba ya rage abu mai yawa, muddin ka nisanta ta da rufin kwano da wayoyin lantarki.

Tsayinta daga ƙasa shi ma yana da nasa tasiri. Idan tana mita 6 zuwa 8, yawancin siginar sama take miƙewa ta dawo kusa, kuma wannan ne ya dace da mai son magana daga Marwa zuwa Garwa ko Kusiri ko Injamena da rana. Mai neman Turai kuwa yana buƙatar ta kai rabin zango a sama, abin da ya fi sauƙi a kan megahaz 14, inda waya mita 10 a tsayin mita 10 ta biya buƙata. Kada kuma a ɗauka ƙara tsawo kullum riba ce, domin idan waya ta zarce zango ɗaya da rubu'i siginar tana rarrabuwa zuwa fuskoki da dama, ta yiwu ma inda kake nema ya faɗa cikin giɓi.

Ka yanke wayar da ɗan rara, ka riƙa rage santimita kaɗan-kaɗan daga bakunan biyu kana duba awon da ke nuna ko eriyar ta daidaita da rediyo. Da hunturu ƙura tana tara wuta a jikin doguwar waya har ta yi tartsatsi, da damina kuma ga tsawa, saboda haka ka cire kebul daga rediyo ka haɗa shi da ƙasa duk lokacin da ba ka aiki. Idan ka ɗaura ta, ka sanar da mu a nan mu sa lokaci mu gwada a kan 7.1 da hantsi.