Katin biki: abin da ya kamata a gama a gida kafin a je wajen mai bugawa

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa ranar bikin ƙanwata, saura wata biyu, kuma ni aka ɗora wa hidimar kati. Amarya ta turo mini hotunan wasu katuna masu ruwan zinare da ta gani a Instagram, ta ce irinsu take so. Mahaifinmu ya rasu, baffanmu ne waliyyi, shi kuwa cewa ya yi a buga mai sauƙi a raba a masallaci. Za a yi kamu, ɗaurin aure, walima da dina. Kati ɗaya za mu yi ko kowane taro da nasa? Guda nawa za mu buga, kuma yaushe ya kamata in je wajen mai bugawa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan mahaifinku, ya sanya albarka a wannan aure, ya kai mu lokacin lafiya.

Baffa da amarya kowa da gaskiyarsa, domin ba kati ɗaya suke magana a kai ba. Baffa katin ɗaurin aure yake nufi, wanda zai shiga aljihun maza a masallaci da kasuwa da wajen aiki, tare da goro da alawa idan gidanku ana yin haka. Amarya kuwa katin ƙawayenta take nufi. Saboda haka shawarata ki raba su. Katin ɗaurin aure daban, a yi shi da yawa kuma mai sauƙi. Katin mata ya ɗauki kamu da walima a fuska ɗaya. Dina kuma, tunda kujerunta ƙidayayyu ne, ta samu ɗan ƙaramin katin shiga nata. Idan kika zuba duk tarukan a kati ɗaya, duk wanda ya karɓa ya ɗauka an gayyace shi ko'ina, kuma babu yadda za a yi a tare shi a ƙofar hol ba tare da an ɓata zumunci ba.

Sai dai kafin a zo maganar kwalliya, aikin da ya fi kowanne nauyi yana gida, wato rubutun da zai hau katin. Mafi yawan katunan da ake dawo mana da su, mu masu aikin bugu, a sake bugawa ba kala ce ta lalace ba, suna ne ko rana.

Ki ɗauki takarda da biro ki je wajen Baffa. Ki tambaye shi yadda yake so a rubuta sunan gida: iyalan marigayi mahaifinku ne kawai, ko za a fara da sunan kakanku, ko za a sa nasa a matsayin waliyyi? Ba ke za ki yanke wannan ba, ba kuma mai zane ba. Haka za a tura wa dangin ango su rubuto nasu da hannunsu, tare da laƙabin da mutum yake amsawa. Wanda ya saba a kira shi Farfesa ko Injiniya, ko mai riƙe da sarauta, idan ya ga an bar masa sunansa tsirara zai ji a ransa ko bai faɗa ba. Ki kuma lura da yadda kowa yake rubuta sunansa. Muhammad, Muhammadu da Mohammed duk suna ɗaya ne a baki, amma a takarda kowa da wanda ya saba. Idan sunan gidan ango ne a sama, to sunan ango ya riga na amarya a ƙasa, don mai karatu ya gane wane ne ɗan wane. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa: idan duk unguwa Ummi suka san ƙanwarki da shi, alhali sunan yanka Fatima ne, a sa Ummi a ƙarƙashi da ƙananan haruffa, musamman a katin mata. In ba haka ba, za ki sha waya ana tambayarki wace ce za a aurar.

Rana kuma a rubuta ta cikakkiya, sunan rana da kwanan wata da shekara, sannan a buɗe kalanda a tabbatar sun dace. Sau da yawa akan ga an rubuta Asabar 14 ga wata alhali 14 ɗin Juma'a ce, saboda mai zane ya ɗauko tsohon aikin wani ya canza lamba ya manta da rana. Idan kuna son a sa kwanan watan Musulunci, yana da kyau, amma ki tuna wata yakan yi kwana 29 ko 30 gwargwadon ganinsa da sanarwar Sarkin Musulmi. Katin da aka buga tun wata biyu kafin biki yana iya saɓawa da kwana ɗaya. Don haka sunan rana da kwanan watan Bature su ne za su fito da manyan haruffa. Lokaci ma a fayyace. "Bayan sallar Juma'a" bai isa ba a garin da masallatan Juma'a suke da yawa kuma ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba. A faɗi masallacin, a faɗi ƙarfe nawa. Wajen kwatance, ambaton sanannen wuri da ke kusa ya fi lambar gida amfani ga baƙon da ya taso daga Kano ko Kaduna.

Game da aya, mutane da yawa suna son a sa Bisimilla ko aya ta 21 ta Suratur Rum a saman kati. Niyyar mai kyau ce, amma ki zagaya harabar masallaci bayan an watse daga ɗaurin aure, ki ga inda katunan suke ƙarewa. A ƙasa ake barinsu, ana takawa. Shi ya sa nake ba masu kawo mini aiki shawarar kada a sa ayar Alƙur'ani a katin da za a raba wa ɗaruruwan mutane; addu'a da Hausa, kamar "Allah ya ba da ikon zuwa", ta wadatar. Idan kuwa dole sai an sa Larabci, a kai wa malami ya duba samfurin. Wasu manhajojin zane suna wargaza haruffan Larabci ko su juya su daga hagu zuwa dama, kuma mai zanen da bai iya karatun ba ba zai lura ba.

Hausar ma tana da tata matsalar. Yawancin salon rubutu masu lanƙwasa da ake yayi ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ko dai harafin ya fito a wani salo daban a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati, ko mai zane ya cire ƙugiyar ya huta. Sai ki ga ɗaurin aure ya koma daurin aure, ƙarfe ya koma karfe. Ki ce masa ya zaɓi salon da yake da su. Rubutu mai lanƙwasa a bar shi ga sunan ango da amarya kaɗai. Rana da wuri da lokaci a yi su da miƙaƙƙen rubutu wanda dattijo zai karanta ba tare da ya nemi tabarau ba.

Yanzu ga zinaren amarya. Abin da take gani yana ƙyalli a waya haske ne na fuskar wayar. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, kuma babu zinare a cikinsu, don haka idan aka buga shi haka kawai zai fito rawaya mai duhu kamar kurkum. Ruwan zinaren da yake ƙyalli a kan kati foyil ne, wato wani siririn shafi mai walƙiya: ana sassaƙa rubutun a jikin ƙarfe, a ɗumama shi, a danna siririn foyil a kan katin. Kuɗin sassaƙa ƙarfen ɗaya ne ko kati 50 za a yi ko 500, shi ya sa yake tsada a ƙaramin aiki. Hanya mai sauƙi ita ce a sayi katunan da aka shigo da su da adon zinarensu a gefe, a buga rubutu kawai a tsakiya. Ko kuma a yi foyil a sunayen biyu kaɗai a katin mata, sauran a bar shi da tawada. Ni na fi son wannan ta biyun, domin zinare idan ya yi yawa rubutu yakan ɓace a cikinsa. Idan akwai anko, ki tafi da ƙyallen atamfar ko leshin a hannu, a gwada kalar a kan takarda, kada a dogara da hoton waya.

Wajen girma, A6 ya ishi katin ɗaurin aure, milimita 105 da 148, yana shiga aljihun riga, kuma guda takwas ake fitarwa daga takardar A3 ɗaya. Katin mata a yi shi A5, ninki biyu na wancan, ambulan ɗinsa kuma C5. Ki tsaya a kan waɗannan ma'aunan, don idan aka yanka wani girma na daban sai an ɗinka masa ambulan na musamman, wani kuɗin ke nan. Kaurin takarda, wanda masu bugawa suke aunawa da giram, kada ya gaza giram 250. Giram 300 ya fi tsayuwa a hannu. Katin shiga dina a buga masa lamba a jere, ki riƙe littafin da kika rubuta wa aka ba lamba kaza, domin katin da ba shi da lamba ana iya kwafarsa a kowane shagon kwamfuta.

Yawan da za a buga kuwa, gidaje ake ƙirgawa a katin mata, ba kawuna ba. Na ɗaurin aure ki tambayi Baffa da dangin ango nawa kowa yake buƙata, don sau da yawa gidan ango su ma suna buga nasu, sai a yi aiki biyu a banza. Na dina daidai da kujerun da aka biya. A kan na farkon biyu ki ƙara kamar kashi goma cikin ɗari, saboda komawa a buga guda talatin daga baya ya fi tsada a kan kowane kati, kuma da wuya kalar ta zo daidai da ta farko.

Da wata biyu a gabanki, kina da lokaci amma ba mai yawa ba. Wannan makon da mai zuwa ki gama rubutu da sunaye, ki kuma tabbatar an biya kuɗin hol an karɓi rasit, don kada a buga wurin da wani zai riga ku kamawa. Saura mako shida ki kasance a wajen mai bugawa. Idan bikin ya faɗo a ƙarshen shekara, ko gab da azumi, ko bayan Sallah, ko lokacin kamfen ɗin zaɓe da fastoci suke cika injuna, ki ƙara mako guda. Kada ki amince da samfurin da aka turo miki ta waya kaɗai. Ki ce a buga miki guda ɗaya a kan ainihin takardar, ki kai gida, Baffa ya karanta, amarya ta karanta, sannan a ba wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, har lambobin waya a kira su a ji ko suna shiga. Bayan nan ne za ki sa hannu a buga. Rabo ya fara saura mako uku. Na nesa kuwa a sanar da su ta waya tun yanzu.

Ki kuma roƙi mai zanen ya fitar miki da kwafi biyu na waya. Ɗaya cikakke, wanda za ki tura wa dangi ta WhatsApp a matsayin fayil don kada hoton ya dushe. Ɗayan na sakawa a status da Facebook, a cire masa adireshin gida da lambobin wayar mata da wurin dina, a bar sunaye da rana da masallacin ɗaurin aure.