Amsar Tambayar Baffa Kan Harsashi Mai Nauyi da Tafiyar Hawainiya

Baffa, ranka ya daɗe, ka tambaye ni dalilin da ya sa maharban nan Amurka da muke fita daji tare da su suke zaɓen harsashi mai nauyi wanda ba ya sauri, alhali kai abin da ka sani tun kana saurayi shi ne ƙarfin bindiga yana cikin saurin harsashinta. Abin da ka sani gaskiya ne, sai dai su wata buƙata ce ta sa suka yarda su sayar da saurin domin su sayi shiru.

Ƙarar bindiga iri biyu ce, ko da yake kunne yana jinsu kamar abu guda. Akwai fashewar albarushi a bakin bututu, wadda salansa, wato na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ke iya ragewa, akwai kuma tsawar da harsashin kansa yake yi idan ya wuce saurin sauti, wato kimanin mita 343 a daƙiƙa guda a yanayi madaidaici, kuma wannan ta biyun babu salansar da ke maganinta, domin a cikin iska take aukuwa bayan harsashi ya riga ya fita. Shi ya sa ake ɗura harsashin yadda saurinsa zai tsaya wajen mita 320 a daƙiƙa, ƙasa da saurin sauti. To tunda an ɗaure sauri, babu abin da ya rage wa maharbi ya ƙara sai nauyi.

Da giren ake auna nauyin harsashi a nan, kuma giren 7,000 ne ke yin fam guda. Nau'in harsashin da ya fi yawa a hannun mutanenmu shi ne wanda ake kira .300 Blackout, wanda aka amince da ma'auninsa a 2011, kuma mai nauyinsa yakan kai giren 220, kusan giram 14 ke nan, ninki huɗu na harsashin giren 55 da aka saba gani a ƙananan bindigogi. Masu son abin da ya fi haka sukan koma ga .458 SOCOM, ko tsohon .45-70 da sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1873 da harsashin giren 405. Duk da wannan nauyi, ƙarfin dukan giren 220 mai tafiya a hankali bai kai rabin na giren 125 mai cikakken sauri daga bindiga ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce maka nauyi ya cike gurbin sauri gaba ɗaya, to talla yake yi.

Harsashi mai nauyi dogo ne, dogon harsashi kuwa sai an juya shi da ƙarfi kafin ya tafi kai tsaye, don haka ake yi wa cikin bututun murɗaɗɗen zane mai cika zagaye guda a inci bakwai ko takwas. Na taɓa sa irin wannan harsashi a bindigar da murɗinta bai kai ba, da na je duba takardar saiti sai na tarar da rami dogo kamar kafar makulli, alamar harsashin a kwance ya isa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce in gode wa Allah da ban ɗaura salansa ba, domin da ya daki cikinta ya lalata ta.

Babbar matsalar tana wajen farauta. Harsashin da aka saba da shi yana buƙatar sauri kafin bakinsa ya buɗe a jikin dabba, idan kuwa ya iso a hankali sai ya ratsa kamar tsinke, barewa ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba za a same ta ba. Saboda haka ne kamfanoni irin su Hornady suka ƙera na musamman, kamar Sub-X mai giren 190, wanda ke buɗewa ko da saurinsa kaɗan ne. Ga kuma faɗuwa: kafin ya kai mita 200 ya sauka kusan mita biyu daga layin bututu, don haka mu a tsakaninmu ba ma harbin dabba da shi idan ta wuce mita 100, kuma ni ina ganin ko hakan ya yi nisa ga wanda hannunsa bai faɗa ba.

Inda ya fi amfani shi ne kan aladun daji da ke tone gonaki a Texas, waɗanda doka ta yarda a harbe su ko da dare idan mai gona ya ba da izini, kuma manomi ba ya son a tashi iyalinsa da dabbobinsa da ƙara. Salansar kanta ba a sayenta kamar kayan kasuwa, tun dokar tarayya ta 1934 sai an yi rajistarta da gwamnati, yanzu ta hannun ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, wasu jihohi kamar California ma sun hana ta gaba ɗaya. Kada kuma Baffa ya ɗauka shirun da ake nunawa a fim ne, domin har yanzu ina toshe kunnuwana idan zan yi harbi da yawa, sai dai ƙarar takan ragu har mutum ya ji saukar harsashin a jikin abin da ya harba, dum, kamar an daki buhu da sanda.